Roƙon Tallafi: Mu Dawo da Fadamar Bayan Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye, malamai da sauran jama'ar unguwa, kwamitin Islamiyyarmu ne ke sake miƙo ƙoƙon bara, amma wannan karon ba don gini ba.

Kowa ya ga abin da ya same mu a daminar bana. Ruwa ya kwana a azuzuwa biyu. Da gari ya waye muka iske alluna na yawo a saman ruwa, tabarmi sun jiƙe sharkaf, muka wuni muna shanya Alƙur'anan yara a kan katanga, shafi bayan shafi. Dattawanmu sun ce ko a ambaliyar Kogin Kaduna ta 2003 ruwa bai taka ƙofar makarantar nan ba, domin a lokacin akwai fadama tsakaninmu da rafi, cike da jema da giyayya. In ruwa ya taso sai ta shanye shi, ta riƙa sakinsa sannu a hankali. Mu da hannunmu muka cike ta da ɓaraguzan gini da leda, masu ɗiban yashi kuma suka ƙwaƙule gaɓar. Gaskiya ce mai ɗaci, amma sai an faɗe ta.

Mutanen bakin teku sun riga mu gane haka. Bayan guguwar Sandy da ta afka wa gabashin Amurka a 2012, masana sun ƙiyasta cewa dausayin bakin teku ya kare dukiyar da ta kai dala miliyan 625. A Neja Delta ma, kurmin da ke tsaye cikin ruwan gishiri shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari. Aikin da fadamarmu take yi mana ke nan, daidai girmanta.

Muna so mu kwashe tarkacen tun cikin rani, mu dasa jema da gora a gefen rafi da zarar ruwan farko ya sauka. Kuɗin hayar tifa shi ne babban nauyi, sai shebur, baro da dashe. Wanda ba shi da kuɗi ya zo da ƙarfinsa ranar Asabar da hantsi. Matasa, da ku muke.

Ma'ajin kwamiti zai zauna a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, da rasit a hannu. Iyaye mata su ba da nasu ta hannun shugabar malamai. Za a karanta lissafin abin da aka tara a taron iyaye na ƙarshen wata.

Allah Ya saka da alheri, Ya sa a mizani.

Kwamitin Makaranta