Buhun da 'Yan Coci Suka Kawo

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Jidda. Mu nan Gadarif sai godiyar Allah. Kuɗin da ka turo ta manhajar banki ta Bankak sun iso, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara buɗi.

Saƙon muryar da ka aiko wa ƙanwarka shi ya sa na nemi takarda. A gaban mahaifiyarka ta kunna shi, ba ta san abin da ke ciki ba. Ka ce a mayar wa 'yan coci buhunsu, ka ce da hatsi ake sayen addinin talaka, ka ce gara yunwa da wannan abin kunya. Mahaifiyarka ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta zaga bayan ajin makarantar da muke gudun hijira a ciki, kuma a daren ba ta sa hannu a tuwon da ita ta tuƙa ba.

Kishin addinin da ke ranka ni na dasa shi, ni na riƙe hannunka na kai ka makarantar allo, don haka ba zan raina shi ba. Sai dai ba ka nan, kuma gani ya kori ji.

Ka bar ƙasar nan kafin 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙin Sudan ya ɓarke, ba ka ji ƙarar bindiga ko sau ɗaya ba. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekarar, da kayan jikinmu muka biyo hanyar Faw. Tun daga lokacin muna cikin ajin makaranta, gida shida, zane ne katangar da ke tsakaninmu. Gadarif rumbun Sudan ce, dawa da riɗi ga su nan tuli a kasuwa, amma hatsin kasuwa na mai kuɗi ne. Abin da kake turowa maganin hawan jinin mahaifiyarka da ruwan sha suke cinye rabinsa. Sauran rayuwar takiyya ce ke riƙe da ita, tukunyar nan da samarin unguwa suke ɗorawa, yau adas gobe balila. Akwai ranar da ba a ɗora ta. Ba mu taɓa gaya maka ba, don kada mu tayar maka da hankali a ƙasar mutane. A daminar 2024 da kwalara ta shigo, daga ajin da ke jikin namu an fitar da yara biyu.

Ana cikin mako na biyu na azumin nan motar 'yan cocin ta tsaya a ƙofar makaranta. Shugabarsu wata dattijuwa ce daga Duwatsun Nuba, yaƙin nan ne ita ma ya koro ta daga Khartum. Tana riƙe da littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa duk ya yage. Tambaya uku take yi wa kowane gida: baki nawa ne, akwai mai ciki ko mai shayarwa, akwai marar lafiya. Ina tsaye har ta gama, ban ji ta tambayi kowa addininsa ba. Aka ba mu dawa, adas, mai, gishiri da sabulu biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, zargin da ka yi ni ma na yi shi. Da muka shiga aji na zazzage buhun a kan tabarma har gindinsa, ina neman takarda ko ɗan littafi. Dawa ce tsagwaronta. Da aka kira la'asar kuwa suka dakatar da rabo, samarinsu suka janye buhunan gefe don mu sami wurin yin sahu, suka zauna a inuwar bango suna jiranmu. Bayan an idar na je na ce mata, baiwar Allah, me ya sa ku wannan ɗawainiya? Ta ce Almasihu ya koya musu cewa wanda ya ciyar da mayunwaci kamar shi ya ciyar. Na ce mu ma a Suratul Insan an yabi masu ciyarwa don Allah kaɗai, ba su neman sakayya ko godiya. Ta gyaɗa kai. A nan na ji ashe su ma suna cikin nasu azumin na gabanin Ista. Daga nan ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, ta koma kan littafinta na koma kan casbahata.

Yanzu ka saurara, Babana. Ka karanta Ma'ida, ka san abincin ma'abota Littafi halal ne a gare mu. Ka san sa'ad da Makka ta yi wa sahabbai ƙunci, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Habasha ya tura su, wurin Najashi, sarkin da ke kan addinin Kirista a lokacin, domin ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Habashar nan ga ta a maƙwabtanmu, daga Gallabat sai ka tsallaka. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zauna shekaru a can, ya ci abincinsu ya sha ruwansu, kuma a gaban sarkin ya karanta farkon Suratu Maryam bai sauya harafi ba. Annabi da kansa ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Shin mun fi su kishi ne? Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, da waɗanda suka bi sawunsu a ƙafa suna nufin Hajji, shekaru suka yi a hanya suna ƙodago a gonakin mutane iri-iri. Da imaninsu a ƙwaryar tuwo yake, da ba a kafa garin Mai Wurno a nan Sudan ba, da kai ma ba ka gaji kalmar shahada ba.

Na sani akwai masu ɗana tarko da abinci, ba a rasa su a duniya. Da an ce sai na shiga wani wuri ko na furta wata kalma kafin a ba ni, wallahi da na juya da hannuna wayam, kuma mahaifiyarka ce za ta riga ni juyawa. Amma waɗannan ba su yi haka ba, kuma ɗora wa mutum laifin da bai aikata ba zalunci ne, ko wane addini yake yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu bindigar da suka ɓalle ƙofarmu a Madani suka ɗauke keken ɗinkin mahaifiyarka, da sunan Allah a bakinsu suka shigo. Wannan tunanin ya hana ni barci dare da yawa. Bai taɓa imanina ba, ya dai sa na daina yi wa mutane hukunci daga nesa.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kira mahaifiyarka da kanka, ba saƙon murya ba, ka ba ta haƙuri. Ita ce ta tsaya a layi cikin rana da azumi a bakinta, saboda ƙannenka. Idan kuma ranka ya sosu cewa wasu sun riga mu ciyar da namu, to ya kamata ya sosu. Ka tara 'yan uwanmu da ke aiki tare da kai, kowa ya kawo ko riyal goma ne a wata, ku turo wa takiyyar unguwar nan don kada tukunyarta ta sake kwana a kife. Sannan Habashawa da 'yan Filifin da kuke aiki tare, wanda ya yi maka alheri ka gode masa da baki, in ya kwanta ciwo ka leƙa shi.

Hanyar Madani ta buɗe tun Janairu. Bayan Sallah, in Allah ya yarda, zan je ni kaɗai in duba gidan kafin in kwashi kowa. An ce ba ƙofa ba taga. Ƙannenka suna gaishe ka. Autar ta ce in gaya maka ta kai Tabaraka.

Naka,
Mahaifinka