Wasiƙa zuwa ga aminina a Maraɗi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Hajiya da yara, ya kuma damina a wajenku? Saƙonka ya iso, har da hoton jar masarar da ka ce wani dillali yana tallarta da sunan mai bitamin A. Aminina, ko a tafin hannuna ka zuba ta ba zan iya ce maka e ko a'a ba, balle a hoto. Ka yi haƙuri in ja zancen kaɗan.

Abin da ke sa masara ko rogo ko dankali yin rawaya ko ruwan lemo wasu sinadarai ne 'yan gida ɗaya, karotinoyid. Ba dukansu jiki ke mayarwa bitamin A ba. Bita-karotin ne babbansu, sai alfa-karotin da bita-kiriptozantin, waɗanda rabin darajarsa muke ba su a lissafi. To, yawancin launin jar masara daga lutin da ziyazantin yake fitowa, su kuwa ba sa zama bitamin A ko kaɗan. Sai ka ga masara ta yi jawur, amma abin da za ta tsinana wa yaro mai dundumi bai taka kara ya karya ba.

Wajen aunawa a ɗakin gwajinmu, rogo ya fi sauƙin sha'ani, domin launinsa kusan duk na bita-karotin ne. Sai dai ba ya jira: in an tone shi yau, so ake a auna shi kafin kwana ɗaya ya cika. A fere shi, a tsaga gida huɗu a tsaye, a ɗauki biyun da ke fuskantar juna, a yayyanka ƙanana. Sannan a zuba a ɗan turmin tangaran da asiton mai sanyi, wani ruwan sinadari mai janyo launin, a yi ta niƙa ana tacewa har tuƙar ta koma fara fat. Daga nan a juye ruwan a mazurarin gilashi mai famfo, wanda aka riga aka zuba wa wani siririn mai da ake kira "fetroliyam ita". In ka tsiyaya ruwa a hankali ta gefe, sai ka ga launin ya hau sama ya kwanta kamar manja a kan miya, asiton kuma ya bi ruwa ya fice ta ƙasa. Shi za a sa a na'urar auna haske a kan nanomita 450, a yi lissafi.

Duk wannan fa a ɗaki mai dishi-dishi ake yinsa, kwalabe a naɗe da takardar alminiyam, don haske da zafi da iska suna cinye karotin tun kafin a kai ga aunawa. Baƙo in ya leƙo sai ya zaci wutarmu ce ba ta da ƙarfi.

In ka bi wannan hanyar da masara, na'urar za ta haɗa lutin da kowa ta ba ka jimla mai daɗin ji. Dole sai an kai ga babbar na'urar da ake kira HPLC, wadda ke tura ruwan ta wani bututu, irin wanda ake kira C30, sinadaran su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa, kwamfuta na zana tsininsa. Ita ce alƙali, amma tana cin kuɗi da lokaci, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki an koma farko. Shi ya sa masu ƙirƙiro iri, da ke da dubban samfura, sukan fara tankaɗe da katin launi, ko ƙaramar na'urar hannu ta iCheck da kamfanin BioAnalyt na Jamus ke yi, kafin su kawo mana waɗanda suka tsira.

Ma'aunin da HarvestPlus, shirin ƙara wa amfanin gona sinadaran gina jiki, ya sa a gaba shi ne maikrogiram 15 na sinadaran da ke zama bitamin A a kowane giram. Rogon rawaya na farko da cibiyoyin binciken noma na IITA a Ibadan da na Umudike suka fitar a 2011 bai kai nan ba, kusan rabin hanya ya tsaya, daga baya aka yi ta ƙarawa. Af, kada garin rogo mai rawaya na kasuwa ya ruɗe ka, sau da yawa manja aka sa wajen suya.

Wani abin da dillalin ba zai gaya maka ba: ko irin na gaske ne, masarar da ta yi watanni a buhu cikin zafinmu ta riga ta zubar da kaso mai yawa. Sakamakon lokacin girbi daban, abin da ke cikin tuwo bayan wata shida daban.

Shawarata, ka nemi iri mai suna da takarda, kamar SAMMAZ 38 ko 39 na cibiyar bincike ta Samaru, Zariya. In kuma kana son a auna ta dillalin, aiko min da rabin tiya, tsaba ba gari ba, a baƙar leda, kuma kada direba ya ɗora ta a saman mota cikin rana.

Ka gaishe min da Baba da kyau, ka ce ina masa ya jiki.

Wassalam,
Amininka