Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: An Kori Daktocin Bogi, Wa Zai Yi Rainon Na Gaskiya?

Mai girma Minista, assalamu alaikum, Allah ya taya riƙo. Daga unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, nake rubuto maka, kuma ba zan ja gaisuwa ba.

Mun ga yadda GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta tashi haiƙan a 2025 tana bin masu liƙa wa sunansu "Dakta" ba tare da sun yi karatun ba, har da masu yawo da digirin girmamawa kamar guminsu ne ya ba su. Madalla. Mu ma a Zango mun tafa, don mun gaji da ganin mutum ya kwana Alhaji ya wayi gari Dakta. To amma, ranka ya daɗe, su waɗanda suka biya kuɗin makaranta suka shiga neman digiri na uku ta ƙofa, wa yake koya musu aikin?

Ka san inda suke maƙalewa. Darussan aji suna cinye su, jarrabawa suna ci. Da an ce a zauna a rubuta kundi, sai tafiya ta tsaya. Ɗauki babi na biyu na ɗalibi, wato bitar ayyukan da suka gabata, ka karanta: wane ya ce, wance ta ce, shafi bayan shafi, ba inda shi ɗalibin ya fito ya nuna wa ya yi daidai, wa ya kauce, ina giɓin da shi zai cike. Tambayar bincikensa ta yi faɗin da rayuwa guda ba za ta amsa ta ba. Ya raba takardun tambayoyi kafin ya san abin da yake son aunawa. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Tun daga shirin jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE har digirin farko, abin da aka saka masa da maki a kai shi ne ya haddace, ya juye a takarda, ya manta. Ɗan Zango kuma da ƙarin kaya: Hausa a gida, Twi ko Ga a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Turanci ya zo na huɗu. Duk da haka ba na ɗora laifin a kan Turanci. Na ga masu Turanci tas da ba su iya gina hujja ba, domin gina hujja sana'a ce, koyar da ita ake yi.

Za a ce ai aikin mai duba kundi ne. Wane mai dubawa? Wanda ke koyar da aji maƙil da ɗalibai, ga na digiri na biyu a wuyansa, ga nasa rubutun na neman ƙarin girma? Babi ya kwana watanni a teburinsa, ya dawo da jan biro a gefe: a sake. Yadda za a sake ɗin, babu lokacin faɗa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗalibin da ya rasa mai koya masa ba gida yake komawa ba, domin a jami'o'in gwamnati yau wanda ba shi da wannan digiri da wuya ya wuce mataimakin lakcara. Wajen 'yan kwangilar rubutu yake zuwa. Turnitin, manhajar gano satar rubutu, na kama wanda ya kwafa, ba ta kama wanda ya saya. Sannan ya tura dala ga mujallun nan na intanet da ke buga komai cikin mako guda. Ƙarshenta a yi masa hula da alkyabba, takardarsa ta gaske, hatimi na gaske, amma bai san bincike ba. Wannan Daktan GTEC ba za ta taɓa rubuta masa wasiƙa ba, kuma shi ne zai duba kundin 'ya'yanmu gobe.

Majalisa ta zartar da dokar Asusun Bincike na Ƙasa tun 2020. Tun 1980 a Legas ƙasashen Afirka suka yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinsu a kan bincike, Ghana ko rabi ba ta kai ba. Ba ni zan tuna maka ba. Tambayata ita ce: cikin abin da zai shiga asusun nan, sidi nawa aka rubuta don koyar da rubutun bincike? Ko za a raba wa mutane kuɗin zuwa tattara bayanai ne, su dawo ba su san yadda za su sarrafa su ba?

Ba sabon abu nake roƙo ba. A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai cibiyar koyar da rubutu da makarantar horar da ɗaliban digiri na uku ta PADA, kuma ka san da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka suka tashi. Sai mutanen New York sun buɗe aljihu kafin ɗan Ghana ya koyi rubuta kundi? Don Allah a ware kaso, a kafa irinsu a Kumasi, Tamale, Wa da Cape Coast, da ma'aikata na dindindin. A buɗe su da yamma da ƙarshen mako, domin yawancin namu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti masu iyali, bayan isha'i suke buɗe kwamfuta.

Akwai kuma asarar da ta fi yi mini ciwo. Rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon a shekarun 1960, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934, yaranmu na Nima da Sabon Zango za su karanta su ba gargada. Mayar da wannan karatu ya zama kundi ne ya gagara, sai baƙi su zo su rubuta, mu kuma mu kafa hujja da su.

Asusun Raya Zango na 2017 ya shimfiɗa mana filayen ƙwallo na roba, mun gode. Na san ba ƙarƙashinka yake ba, amma kana da waya, ka kira su su sa hannu a wannan horon.

Abin da nake jira shi ne layi guda a kasafin kuɗi mai zuwa, mai suna, mai adadi, wanda za mu iya bibiya mu ga ko an saki kuɗin.

Naka,
Wani malami daga Nima, Accra