Hoton ƙirji ba ya dafa hanta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wata jita-jita da ke yawo a nan Sakkwato, wai hasken na'urar ɗaukar hoto a asibiti yana dafa hanta. Aikin ɗakin hoto na yi har na yi ritaya, don haka abin yana ci mini rai. Na ga dattijo mai tari da jini ya tuɓe riga, ya manna ƙirji da allo, sai ɗansa ya shigo ya ja hannunsa yana cewa, "Baba, taso mu tafi, kada su ƙona maka hanta." Haka suka fita ba a gano ciwon ba.

Magana ce ta yawan hasken da ya shiga jiki. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce milisiba 0.1 ba (milisiba ma'aunin wannan haske ne), kusan abin da kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin mako biyu yana zaune a gidansa. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu kuwa da sauti yake aiki, babu wannan haske a cikinsa sam. Hoton CT na ciki, wanda na'ura ke zagaya jiki tana ɗauka, shi ne ke da nauyi, yakan kai milisiba 10, shi ya sa ba a yin sa sai likita ya rubuta.

Inda hanta ke jin jiki da gaske shi ne wurin gashin ciwon daji, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, idan haske ya game ta duka ya haura kimanin gire 30 (gire ma'aunin hasken gashi ne, ya fi milisiba girma nesa ba kusa ba). Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini su ke fara lalacewa. Jijiyoyin su toshe, jini ya taru ba hanyar fita, ƙwayoyin hantar da ke kewaye su mutu. Ba a ranar ake gani ba. Bayan makonni, wani lokaci har wata uku, hanta ta kumbura, ciki ya tara ruwa. Ɓeraye ba sa nuna irin wannan toshewa yadda mutum ke yi, shi ya sa masu bincike suka koma kan birai, kuma a hantar biri sun ga ciwon ya fito kamar namu. Don gudun wannan ne likitocin gashi ke auna komai kafin su fara, suna kare sashen hantar da ke da lafiya.

Abin da ya fi damuna, hantar da ciwo ya riga ya ci ba ta jure abin da lafiyayya ke jurewa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su ma sani ba. Duk wanda aka tura gashi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, don Allah ya nemi a gwada masa jini, ya kuma faɗa wa likita duk jiƙo da sassaƙen da yake sha. Kada kunya ta sa a ɓoye.

Su kuma masu ɗakunan hoto na kuɗi a cikin gari, Hukumar Kula da Nukiliya ta Najeriya ce ke ba su lasisi. Mara lafiya yana da haƙƙin tambaya ya ga lasisin, ya kuma adana tsofaffin hotunansa ya riƙa zuwa da su, don kada a maimaita masa abin da aka riga aka ɗauka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin hoto,
Mabera, Sakkwato