Sabulun amosani: a fata yake aiki, ba a gashi ba

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu fama da amosanin kai. Da yawa sukan ce shamfu mai magani bai yi musu komai ba, alhali gaggawar ɗauraye shi suke yi.

Ƙwayar Malassezia da ke haddasa amosani a fatar kai take zaune tana cin maiƙo. Don haka shamfu mai ɗauke da maganin ketoconazole kashi 2 cikin ɗari, a fatar ake cuɗa shi da yatsu, ba da farce ba, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin a wanke. Sau biyu a mako, har mako 2 zuwa 4. Idan amosanin ya lafa, sai sau ɗaya duk mako ɗaya ko biyu, domin yakan dawo. Labta mai a kai kuwa yana iya ciyar da ƙwayar.

Ƙyasbi yana jin wannan shamfu, amma launin fata sai bayan watanni yake daidaita. Makeron yara dabam ne: tasa ƙwayar tana cikin saiwar gashi, sai likita ya rubuta maganin sha kamar griseofulvin.

Wassalam,
Wani mai harhaɗa magunguna