Ba ƙwaya kaɗai ke warkar da damuwar matasa ba

Malam Edita,

Ina so in yi tsokaci kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar ta yi kyau, amma har yanzu matashin da ciwon damuwa ya kama, sau da yawa ƙwaya ake rubuta masa a sallame shi.

A ajina akwai yarinyar da ta yi watanni ba ta magana. Zama da ƙwararriya mako-mako, tana sauraronta, tana koya mata gane tunanin da ke cinta, shi ya dawo mana da ita.

Ƙwararrun kuwa ƙalilan ne. Ya kamata gwamnati ta horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi kan wannan aiki, kamar yadda aka horar da tsofaffin mata a Zimbabwe su riƙa sauraron masu damuwa suna ba su shawara.

Malamar sakandare, Zariya