Karatun wasanni ba na waɗanda suka rasa gurbi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da iyaye 'yan'uwana na Zariya da kewaye a kan wani kwas da muka mayar abin kunya, alhali muna cikin tsananin buƙatarsa. Ina nufin ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, wanda kowa ya fi sani da PHE. Shi na karanta, shi na koyar a makarantun sakandare har na yi ritaya. Har gobe in ka tambayi uba me ɗansa yake karantawa, in dai wannan kwas ne, sai ka ji ya sassauta murya ya ce, "Wai PHE suka ba shi, amma muna neman canji." Wannan magana tana yi mini ciwo ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne, yaron da ake nema wa canjin sau da yawa ba shi da abin da yake so a duniya kamar ƙwallo. Ka zaga Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru bayan la'asar, duk wani fili da ba a gine ba za ka tarar da yara sun kafa duwatsu suna taka leda. Da dare kuma gidajen kallo sun cika maƙil. Kowannensu burinsa ɗaya, ya zama Ahmed Musa. Ban ga laifinsu ba, domin wannan yanki ya fitar da mutane: Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk 'yan Kaduna ne, kuma suna cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. To amma a yi lissafi. Kulob 20 ne a babbar gasar Nijeriya. Ko da kowanne ya ɗauki 'yan wasa 40, mutum 800 ke nan a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Wanda ya samu shiga ma, in ya kai shekara 35 ƙafa ta fara gajiya, in kuma jijiyar gwiwa ta tsinke tun yana ɗan 22, shi ke nan. Saura fa? Ina za su sa kansu?

Harkar wasa kamar kasuwa ce, ba mai rumfa kaɗai ke ci a cikinta ba. Bayan 'yan wasa 11 da ake gani a fili akwai koci da mataimakansa, akwai mai kula da ƙarfin jikinsu da numfashinsu, akwai likitan gashin ƙashi, da mai tsara musu abinci, da alƙalin wasa da masu ɗaga tuta, da sakataren kulob mai rubuta kwantiragi, da mai yawon neman yara masu baiwa. Waɗannan ayyuka ana yin su har furfura, kuma kusan dukkansu sai da takarda.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Masai Ujiri a nan Zariya ya tashi, a nan ya koyi ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ya daɗe yana horar da yara a Samaru. Ya tafi Amurka ya yi kwaleji yana karatu yana wasa, ya buga a Turai na wasu shekaru, amma bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. Da wasa ya ƙare masa, sai ya kama aikin nemo 'yan wasa, da farko ma ba a biyansa ko sisi. A 2010 aka damƙa masa ragamar kulob ɗin Denver, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na NBA, a 2019 kuma ƙungiyar da yake jagoranta ta Toronto ta ɗauki kofi karo na farko a tarihinta. Da a ce iya jefa ƙwallo a kwando kawai ya riƙe, da yau ba mu san sunansa ba. Yaranmu sun san labarinsa, amma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu ta wace ƙofa ya shiga.

Mutane sun ɗauka ɗalibin PHE gudu da tsalle kawai yake yi har ya gama. Ba haka ba ne. Yana karanta ƙirar jikin ɗan'adam, ƙashi da tsoka da jijiya, kowanne da sunansa da aikinsa. Yana karanta yadda zuciya da huhu ke aiki in jiki ya ɗau zafi, da abinci mai gina jiki, da halayyar yara, da dokokin wasanni, da yadda ake shirya gasa tun daga kasafin kuɗi har zuwa jadawali. Wannan ilimi a wurinmu ya fi amfani, domin yanayinmu daban yake. Yaya za ka horar da yaro a zafin Maris da Afrilu ba tare da ruwan jikinsa ya ƙare ba? Yaya za ka tsara atisaye a watan azumi? Me za ka yi da yaro mai asma in ƙurar hunturu ta sauko, ko mai sikila da yake son ya yi wasa da abokansa? Kocin unguwa, duk da ƙoƙarinsa da sadaukarwarsa, ba a koya masa waɗannan ba. Na sha ganin yaro ya yi targaɗe a idon sawu, nan take a hau murza masa da ƙarfi, a gasa da ruwan zafi, alhali a kwana biyun farko ƙanƙara da hutu da ɗaga ƙafar ake so. Ƙafa ta kumbura, a ce sammu ne.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Waɗanda suka manyanta suna tuna ranar 12 ga Agusta 1989, da ɗan wasan Nijeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. A 2020 an sake ganin irin haka a Lafiya, inda Chineme Martins ya faɗi ana tsakiyar wasa ya rasu. A 2021 kuma duniya ta ga Christian Eriksen na Denmark zuciyarsa ta tsaya a fili, aka danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya dawo har ya ci gaba da buga ƙwallo. Rai na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma Allah Ya umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin nan koyonsa ake yi: danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, a fara nan da nan, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintoci. A gasar unguwa ko ranar intahaus ta makaranta, wa muka ajiye a bakin fili da ya iya wannan? Yawanci sai dai a yi ta yi wa yaro fifita ana watsa masa ruwa.

Kuma mu 'yan Zariya ba mu da uzuri. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da wannan sashe a Tsangayar Ilimi da ke Samaru, har zuwa digirin digirgir. Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da yanzu aka ɗaga zuwa jami'a, ta daɗe tana yaye malaman PHE masu NCE a shekara 3, daga nan mutum ya shiga digiri kai tsaye a aji biyu. Mai son horarwa zalla akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere, Legas, sannan ya bi matakan lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, daga ƙarami zuwa babba. Mai son gashin ƙashi, ga Jami'ar Bayero nan kusa a Kano.

Ba zan ɓoye wa iyaye gaskiya ba, yawancin waɗanda suka gama wannan kwas koyarwa suke fara yi, kuma kowa ya san albashin malami. Kulob-kulob ɗinmu galibi na gwamnatocin jihohi ne, aiki a cikinsu ba ya da tabbas. Ni kaina na koyar a makarantar da aka yanka rabin filin wasanta aka yi shaguna, aka kuma mayar da darasina lokacin shara. Amma a kwatanta da ɗaya hanyar. Wani ɗalibina, mai tsaron gida ne na gaske, mahaifinsa ya sayar da gona ya ba wani dillali da ya yi alkawarin kai shi gwaji Turai. Yaron yana ɗan 16 a lokacin. Da uban ya tambayi wanda ya sani, da an gaya masa dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wani kulob a ƙasar waje, in ban da 'yan wasu dalilai ƙalilan, kuma dillali na gaskiya sai ya ci jarrabawa yake samun lasisi. Gona ta tafi, dillali ya kashe waya, yaron kuma ya riga ya bar makaranta. Duk ranar da na haɗu da shi a kan babur ɗinsa na haya, ya durƙusa ya ce "Baba, ina wuni," sai in ji hawaye na neman zubo mini, domin na san irin kocin da zai zama.

Sai batun 'ya'ya mata, wanda ba a cika tada shi ba. Muna so mace ce za ta koya wa 'yanmatanmu motsa jiki a makarantun kwana, muna so mace ce za ta gasa wa iyayenmu mata jiki in sun samu shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a gidajenmu, likita ya ce a riƙa motsa jiki, matar aure ta rasa inda za ta je da wadda za ta nuna mata. To in ba mu bar 'ya'yanmu mata sun karanta ba, daga ina waɗannan mata za su fito?

Roƙona ga malaman wannan sashe na Samaru shi ne su riƙa leƙawa makarantun sakandare na cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari, su yi wa 'yan aji biyar da shida bayani da Hausa, a gayyato iyaye su ji da kunnensu. Kocin unguwa kuma a shirya musu gajeren horo na taimakon gaggawa a lokacin hutu. Kai kuma Malam Edita, shafinka na wasanni kullum sakamakon Ingila da Sifen ne. Ka taimaka ko sau ɗaya a wata ka tura wakili ya zanta da alƙalin wasa ko mai gashin ƙashi ko koci mai lasisi ɗan Arewa, ya faɗi inda ya yi karatu da yadda ya samu aiki.

Yaron da ke son ya nemi wannan kwas ya sani tun yanzu ana buƙatar kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, kuma kada ya yi wasa da darasin Bayoloji.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin motsa jiki,
Tudun Wada, Zariya.